Sassaben zamani: yadda ake dawo da itatuwa a gonar da ta tsiraice

Duk shekara idan bazara ta kama, manomi kan ɗauki gatari da adda ya shiga gona sassabe. Ya datse sabara da kalgo da magarya da duk wani tohon da ya fito, ya tara, ya cinna wuta. Baɗi su sake fitowa, ya sake sarewa. Dalilin da ya sa suke dawowa shi ne ƙarƙashin kowane cunkus na toho akwai kututture mai rai. Wani an shekara talatin da sare itacensa, amma saiwarsa na nan ta nutsa cikin ƙasa, tana da ajiyar abinci, ta kuma riga ta kai inda danshi yake. Ɗan itacen da aka raina a leda kuwa, saiwarsa ba ta wuce taƙi ba ranar da aka dasa shi, kuma da ita zai fuskanci rani na wata bakwai ko takwas. Shi ya sa dashen da ake yi da ganga da 'yan jarida yawanci ba ya ganin damina ta biyu, alhali tohon kututture na iya wuce tsawon mutum cikin shekara ɗaya ko biyu idan an gyara shi aka tsare shi.

Wannan gyara da tsarewa shi ake kira sassaben zamani. A yankin Maraɗi ya kafu a shekarar 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya fara gwada shi tare da wasu manoma ƙalilan bayan dashe ya ƙi ci. Bayan fari da yunwar 1984 abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka sake samun itatuwa a kudancin Nijar, itatuwan kuma sun kai wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙasar Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato da arewacin Kano iri ɗaya ce da waccan: jigawa ɗaya, itatuwa ɗaya, gero da wake ɗaya. Abin da ya yiwu a garuruwan Agye da Magarya na Nijar babu abin da zai hana shi yiwuwa a Daura ko Gumel.

Zagayen farko

Kafin ka taɓa komai, ka zagaya gonar tun ba a yi sassabe ba, wato tsakanin ƙarshen kaka da farkon bazara, lokacin da toho ke tsaye. Ka bi ta layi-layi, taku goma tsakanin layi da layi. Duk inda ka ga cunkus, ka tsuguna ka tone yashin gindinsa da hannu ka gani: kututture ne, ko saiwa ce ta toho daga wani itace na kusa, ko kuwa ɗan tsiro ne daga ƙwaya? Ukun duka suna da amfani, amma na kututture ya fi saurin girma, ɗan tsiro kuma ya fi bukatar kariya. Ka riƙa ƙirgawa iri-iri: sabara nawa, kalgo nawa, gawo nawa. In ba ka rubutu, tsakuwa a aljihu ma ta isa, ko ka tafi da yaro ɗan makaranta. Gonar da ake gani fayau babu ko inuwa sau da yawa takan ɓoye ɗaruruwan kututture a hekta guda.

Ka tafi da tsoho ko tsohuwar da ta san gonar tun tana da itatuwa. Su ne za su gane tohon kirya ko kanya tun yana ganye huɗu, su kuma gaya maka abin da ya taɓa tsayawa a wurin. Mata masu itace da masu ganyen miya sun fi kowa sanin inda kowane kututture yake.

Wane za a bari

Nan ne aka fi yin kuskure, domin mutum yakan bar abin da ya fi yawa kawai, sai gona ta cika da iri ɗaya. Gara ka san aikin kowane kafin ka yanke shawara.

Gawo shi ne kan gaba. Yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saboda haka ba ya tare wa gero rana, kuma ganyen da ya zubar a farkon damina taki ne a daidai lokacin da shuka ke nema. Saiwarsa na tara sinadarin naitirojin, wanda shi ne abin da ake saye a buhun yuriya, tana kuma nutsawa ƙwarai, har an taɓa bin ta a Senegal aka same ta ta wuce mita 30. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne a tsakiyar rani, dabbobin da suka kwanta a inuwarsa kuma su bar kashi. Duk wanda ya taɓa kallon geron gindin gawo da na fili ya san bambancin. A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram gawo ne ya cika gonaki. Duk ɗan gawon da ka samu, ka bar shi, sai dai in sun cunkushe wuri ɗaya.

Sabara da kalgo su ne suka fi jure sara, don haka su ne suka fi yawa. Ana raina su, kuma bai kamata ba. Suna tare yashi da ƙurar da iska ta kwaso, har ka ga gindinsu ya yi ɗan tudu mai baƙar ƙasa. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa saiwar sabara na jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare ta sake shi a sama, geron da ke kusa da ita ya sha, abin da ke taimaka masa a lokacin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Kalgo na ba da igiya da itacen girki, 'ya'yansa kuma dabbobi na ci.

Magarya da aduwa da kurna da kanya da ɗinya da danya da tsamiya da gwandar daji na 'ya'ya ne, akwai ci akwai sayarwa. Bagaruwa ta majema ce, dakwara ta ƙaro. Kirya da marke su ne masu gawayi da masu turmi suka fi bi, shi ya sa suka yi ƙaranci, don haka in ka samu ko ɗaya ne ka ɗauke shi da daraja. Masu inuwa mai kauri, irin su tsamiya da ɗorawa da kanya, sun fi dacewa da iyakar gona ko kusurwa, ko kuma ɗaya-ɗaya nesa da juna, domin hatsi ba ya yi sosai a ƙarƙashinsu. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, tsuntsaye da jemagu na yaɗa ta ko'ina, kuma tana gasa da shuka wajen ruwa. A bar ta a gari da bakin hanya, a tsakiyar gona kuwa kada a bari ta kori na gida.

Shawara mai kyau ita ce kada gona ta gaza iri biyar ko shida. Iri ɗaya in ciwo ko ƙwaro ya same shi, duka ya tafi. Iri daban-daban kuma suna fure a watanni daban-daban, wanda shi ke riƙe ƙudan zuma a wuri duk shekara.

Nawa a hekta

Hekta ita ce mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. In ka bar itace ɗaya kowane mita 20, ka samu 25. Kowane mita 15, ka samu kamar 44. Kowane mita 10, ka samu 100. Mai farawa ya fara da 25 zuwa 40, ya ga yadda hatsinsa ya yi, sannan ya ƙara. Manoman da suka daɗe a aikin suna barin fiye da 100, domin sun gane cewa askin rassa ne ke iyakance inuwa. Inda ruwa bai da yawa kuma itatuwan ƙanana ne irin sabara, ana iya barin da yawa. Inda ruwa ya fi yawa kuma itatuwan manya ne, a rage.

Mai huɗa da shanu ko tarakta ya zaɓi kututturen da suka zo kusan a layi ɗaya, ya bar mita 10 ko fiye tsakanin layuka don garma ta wuce. Kada ka tumɓuke waɗanda ba ka zaɓa ba. Ka sassabe su kamar yadda ka saba, ka baza ganyen a ƙasa maimakon ƙonawa. Suna nan a ajiye, wata shekara kana iya bukatarsu.

Askin kansa

Kayan aiki su ne adda ko ƙaramin gatari ko lauje ko wuƙa mai ƙarfi, zarto in akwai. Sharaɗi ɗaya ne: kaifi. Dakusasshen ƙarfe yana farfasa reshe ya ɗaye ɓawo, raunin ya daɗe bai warke ba, gara da ruɓa su shiga. Ka tafi da dutsen washi.

Ka tsaya gaban kututturen ka duba tohonsa, wanda zai iya kai ashirin ko talatin. Ka zaɓi uku zuwa biyar mafiya tsawo da kauri da miƙewa, waɗanda babu tabon ciwo a jikinsu. Ka fi son waɗanda suka fito daga ƙasan kututturen, kusa da ƙasa, domin wanda ya fito daga saman tsohon sara yakan ɓalle in iska ta kaɗa. Ka kuma zaɓe su a ɓangarori daban-daban na kututturen, kada su taru gefe ɗaya suna gogar juna. Sauran duka ka yanke su daf da gindi. Abin da kake yi shi ne tattara ƙarfin babbar saiwa, wanda da yake rarrabuwa ga toho talatin, ka mayar da shi ga biyar.

Me ya sa ba ɗaya ba? Saboda akuya na iya karya shi, mai neman itace na iya sare shi, iska na iya kayar da shi. In biyar ne, ko an rasa biyu da saura. Kuma kana da abin yanka kowace shekara ba tare da itacen ya ɓace ba. Gawo da itatuwan 'ya'ya ne kawai ake rage su zuwa ɗaya ko biyu bayan shekara ta farko ko ta biyu, tunda babban itace ake so su zama.

Sai rassan gefe. A kowane tohon da ka bari, ka cire rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsa, ka tsaya nan. In ya wuce mita 2 ana iya kaiwa kashi biyu cikin uku. Mutane da yawa sukan yi masa tas su bar ɗan tuntu a sama, suna ganin zai fi saurin tsawo. Abin da ke faruwa shi ne ganyen da ke ciyar da shi ya ragu, ya yi siriri, iskar farkon damina ta karya shi ko akuya ta lanƙwaso shi ta cinye kan.

Yadda ake saran ma yana da ƙa'ida. Ka riƙe reshen da hannu ɗaya, ka saro shi daga ƙasa zuwa sama. In ka sara daga sama zuwa ƙasa, nauyin reshen zai ja ɓawo ya ɗaye shi tsawon jikin itacen. Ka yanke kusa da jiki amma kada ka shiga cikin ɗan kumburin da ke gindin reshen, domin daga nan ne sabon ɓawo ke rufe raunin. Kada kuma ka bar dogon guntu, yakan bushe ya zama ƙofar gara. Reshe mai kauri a fara yi masa ɗan tsagi ta ƙasa kafin a gama shi ta sama.

Ɗan gawo yakan so ya bazu a ƙasa kamar sarƙaƙiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ka kafa sanda kusa da shi, ka ɗaure tohon da ka zaɓa da tsumma ko igiyar kalgo, sako-sako, ka riƙa sassautawa yana kauri. Waya ko igiyar leda na shiga cikin ɓawo ta shaƙe shi. Sabara da kalgo kuwa ana iya haɗa tohonsu a ɗaure su tare don su tallafi juna.

Da ka gama, ka ɗaura jan ƙyalle ko ka shafa fenti, alamar cewa wannan itace yana da mai shi. Rassan da ka yanke kada a ƙone. Masu ƙaya ka jera su kewaye da gindin, masu ganye ka bar su a ƙasa har ganyen ya kaɗe, sannan a kwashe itacen a kai gida.

Lokacin da ya fi dacewa da askin farko shi ne ƙarshen bazara, daf da shuka, domin dabbobi sun kusa barin gonaki kuma itacen zai samu damina guda cur yana girma cikin tsaron da ake yi wa hatsi. Kututture zai sake fitar da sabon toho, wannan tabbas ne, don haka a koma masa lokacin noman farko ko maimai, a kuma sake dubawa bayan girbi. Kowane wata biyu zuwa shida ke nan. Askin bayan girbi ya zama kaɗan, a bar wasu rassan ƙaya na ƙasa su zama garkuwa, tunda lokacin ne ake sakin dabbobi.

Abin da ke kashe aikin

Aski aikin yini biyu ko uku ne a hekta. Tsarewa ita ce aikin shekara, kuma mutum ɗaya ba ya iya ta.

Dabbobi ne na farko. Toho na bukatar kamar wata shida zuwa shekara ɗaya kafin kansa ya wuce bakin akuya, raƙumi kuwa sai ya fi haka. Shingen ƙaya a gindi yana taimakawa. Amma rufe gonaki gaba ɗaya a hana makiyaya shiga kuskure ne, kuma yakan jawo faɗan da ya fi asarar itacen muni. Dabbobi ne ke kawo taki, cikinsu kuma shi ke laushe ƙwayar gawo da bagaruwa har ta tsira. A zauna da arɗo tun farko, a bar burtali da mashaya a buɗe, a yarda cewa ba za a sassake kan ƙananan itatuwa masu alama ba, manyan kuma in za a yanke wa dabbobi reshe a nemi izini, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na rassan. Makiyayi ma riba gare shi, domin 'ya'yan gawo da kalgo na zuwa ne a watannin da ciyawa ta ƙare.

Wuta ce ta biyu. A daina ƙona sassabe a cikin gona. In gonar na iyaka da daji ko saura, a share hanya mai faɗin mita 5 zuwa 10 a kewaye tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, a kuma janye busasshen kara daga jikin ƙananan itatuwa.

Na uku shi ne sata, kuma ita ce ta fi karya gwiwa. Mutum ya raini itace shekara biyu, ya zo da safe ya tarar an sare. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye, abin da ya riƙe aikin shi ne kwamitin gari mai maza da mata da makiyaya, da dokokin da kowa ya ji aka amince, da masu zagaye, da tara ga wanda aka kama. Duk garin da zai fara, ya fara da wannan zama a gaban mai unguwa ko dagaci, limami ya yi magana a kai ranar Juma'a. A sa mata a ciki da gaske, domin su ne ke tafiya neman itace, kuma in ba a nuna musu inda za su samu ba, dole su sari abin da ke kusa. Rassan aski su ne amsar farko.

Akwai darasi a tarihin Maraɗi kan biyan mutane. A lokacin yunwar 1984 an ba da abinci ga waɗanda suka bar itatuwa a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, akasarin itatuwan aka sare. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfanin, daga gare su kuma maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba kowa ko tiya ɗaya ba. Aikin da aka yi don kuɗin wata ƙungiya yakan mutu ranar da motarta ta daina zuwa.

Sai maganar mallaka. Manomi ba zai raini itacen da yake tsoron malamin daji zai ci shi tara a kansa ba. A Nijar dokar daji ta 2004 ta sassauta wannan, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi da haƙƙin itatuwan da ya raina a gonarsa. A Najeriya dokokin daji na jihohi ne, don haka kwamitin gari ya je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma a fahimci juna, in da hali a rubuce. Mai gonar aro ko haya ko jingina kuma ya yi magana da mai ƙasa a gaban shaidu kafin ya fara: wa ke da itacen, wa ke da 'ya'yan, me zai faru in an karɓe gonar.

Game da tsoron tsuntsaye, gaskiya ne suna sauka a kan itace. Amma jan-baki da ke zuwa garke-garke daga fadamu yake tasowa, ko da itace ko babu zai zo. Yawancin tsuntsayen da ke sheƙa a gona da tsutsa da fara suke ciyar da 'ya'yansu. In ana fargaba, a rage rassan sama kafin gero ya yi ido.

Inda ƙasa ta zama fako

Wani wurin babu kututturen ma. Ƙasa ta daskare, ruwa na gudu a kanta ba ya shiga. Nan sai an fara da kama ruwa, kuma hanyoyi biyu ne suka tabbata.

Ta farko ita ce tassa, ramukan da manoman Yatenga a Burkina Faso suka inganta, cikinsu har da Yacouba Sawadogo wanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da Rinaudo. Manoman Illela a jihar Tawa ta Nijar sun je sun gani a ƙarshen shekarun 1980 suka kawo gida. Ana haƙa su da rani da diga ko fartanya mai ƙarfi: faɗi santimita 20 zuwa 40, zurfi 10 zuwa 20, tazara kamar taku ɗaya, wato ramuka wajen 10,000 a hekta. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare, ta ƙasa da ramin, don ta tare ruwa. In aka tara ta ta sama, ta hana ruwan shiga, aikin ya tashi a banza. Layuka su saɓa, ramin layi na biyu ya zo daidai tsakanin biyu na layin farko. A zuba taki cike da hannu biyu a kowane rami makonni kafin ruwa, a ɗan rufe da ƙasa. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa da ƙananan hanyoyi, ta nan ruwa ke nutsewa. Bayan ruwan shuka a sa gero ko dawa. Takin awaki da shanu yana ɗauke da ƙwayar itatuwa, don haka za ka ga 'ya'yan gawo da bagaruwa da magarya sun tsiro a ramukan. A gaya wa masu noma su kauce musu. Aiki ne mai nauyi, yakan ci awa 300 ko fiye a hekta, shi ya sa gayya ta fi dacewa da shi, ko a riƙa yin kwata-kwata duk shekara. Tassa ba ta yi a tsantsar yashi domin ramin na rushewa, ba ta kuma yi a kwari inda ruwa ke kwanciya domin shuka na ruɓewa.

Ta biyu ita ce rabin wata, don fili mai ɗan gangare. Ana zana rabin da'ira mai faɗin mita 4 da igiya mai mita 2 da turke, buɗaɗɗen bakin yana kallon inda ruwa ke fitowa. A haƙe cikin santimita 15 zuwa 25, a yi kunya da ƙasar a bayan lanƙwasar, a daddanne ta, in da duwatsu a jera a ƙarshen kunnuwan biyu inda ruwa ke fara ci. Mita 4 tsakanin ɗaya da ɗaya, mita 4 tsakanin layuka, a saɓe, yana ba da kimanin 313 a hekta. Dole layin ya bi daidaiton ƙasa. Ana gane shi da siririn tiyo mai haske, mita 10 zuwa 15, cike da ruwa, an ɗaure bakinsa biyu a sanduna biyu masu alama a tsawo ɗaya: inda ruwan ya tsaya kan alamar a duka sandunan, wuraren biyu daidai suke. In aka yi da ido, ruwa kan taru a kunne ɗaya ya fasa, ya kuma fasa na ƙasa da shi. A fara daga saman gangare a sauko. A ciki ana shuka hatsi, ko gamba da sauran ciyawa in makiyaya ce, da itace ɗaya kusa da kunyar ta ciki, ba a tsakiyar ramin ba inda ruwa zai shanye shi.

Waɗanda ba za su dawo da kansu ba

Sassaben zamani yana tayar da abin da ya rage ne kawai. Irin da kututturensa ya mutu kuma babu uwa a kusa, sai an kawo shi. Wannan ne wurin da shuka ke da amfani, kuma shuka ƙwaya kai tsaye a tassa ta fi dashen leda, domin saiwar ba ta nannaɗewa.

A tara ƙwaya daga itatuwa da yawa masu lafiya, goma ko fiye in ana samu, kada daga uwa ɗaya. Masu taurin ɓawo irin gawo da bagaruwa da kirya a tafasa ruwa, a sauke, a zuba musu, a bar su kwana ɗaya, waɗanda suka kumbura a shuka nan take. Ko a ɗan ƙwarzane gefen ƙwayar da abin yanke farce, nesa da idon. Ƙwayar kuka ta fi tauri, a ƙwarzane ta sannan a jiƙa. Aduwa a cire naman a jiƙa ƙwallon kwana ɗaya. Kaɗanya, a yankunan da ruwa ya ishe ta, ƙwayarta ba ta ajiyuwa, a shuka ta cikin 'yan kwanaki da faɗowarta, kuma a sani sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. A sa ƙwaya biyu ko uku a rami bayan ruwa ya zauna, a rage zuwa ɗaya in sun kama. Magaryar gida da ta toho kuma ana iya yi mata aure da irin magarya mai manyan 'ya'ya da aka samo daga Indiya, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Kanya da danya da goruba da giginya suna da mace da namiji. Namijin ba ya 'ya'ya, sai a ce ba shi da amfani a sare, daga nan matan ma su rage haihuwa. A bar namiji ko ɗaya ne a kusa. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ne ke ɗaukar masa ƙurar fure, don haka korar jemagu asarar 'ya'yan kuka ce. Kukar da ake tsige wa ganye tas duk shekara kuma ba ta samun yin fure, a ware wasu a bar su don iri. Masu sassaƙen magani su ɗebi siririn ɓawo a gefe ɗaya, domin itacen da aka zagaye jikinsa da sassaƙa ya mutu ko da madaci ne mai shekara ɗari. Busasshen itace mai kogo, in ba ya barazana ga kowa, a bar ɗaya: gidan mujiya ne mai cin ɓeraye, gidan zuma ne kuma. In za a yi feshin maganin ƙwari a wake, a yi da yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma.

Cin amfani

Tun shekarar farko akwai itacen girki daga aski da ganyen dabbobi. Daga shekara ta biyu ko ta uku, a kututture mai toho biyar, ana yanke mafi kauri ɗaya kowace shekara, a bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinsa. Bayan shekara biyar an zagayo, kuma ba a taɓa barin kututturen tsirara ba. Na shekara uku zuwa biyar ya isa sandar rumbu ko ta danni ko ƙotar fartanya. A yanke a karkace, kamar taƙi ɗaya daga gindi, don ruwa kada ya kwanta a kan saran.

In hatsin da ke kusa da wani itace ya fara siririya yana rawaya, inuwa ta yi yawa: a ɗaga rassan sama kafin shuka ta gaba, ko a rage toho daga biyar zuwa uku. In kauci ya kama reshe, a yanke reshen ƙasa da inda ya manne tun bai yi 'ya'ya tsuntsaye sun yaɗa shi ba. Kowace shekara bayan girbi a sake zagayen nan na farko, layi-layi, a ƙirga itatuwa nawa ne suka wuce tsawon mutum, iri nawa ne, wane sabo ya shigo. A auna damin da gonar ta bayar a ajiye lissafin tare da na itatuwan, domin da shi za ka san ko za ka ƙara yawan da kake bari baɗi ko ka tsaya haka.